Akawun biyu a hannu ɗaya: a sauya, a tagwaita manhaja, ko a sayi wata wayar?

Wani dillalin dankali daga kasuwar Farin Gada ya shigo shagona da ke kan titin Bauchi a Jos ranar wata Laraba, ya ajiye wayoyi biyu a kan tebur, ɗaya fuskarta a tsage, ya ce, "Malam, haɗe min su wuri ɗaya, na gaji da cajin waya biyu." Bai kai ga tafiya ba wata ɗalibar Jami'ar Jos ta yi sallama, ita kuma buƙatarta akasin tasa. Waya ɗaya gare ta, imel uku a ciki. Malaminsu ya turo fom, ta cike shi da imel ɗin da take tallan turaren wuta, malamin ya duba bai ga sunanta ba. So take a raba mata su. Shi haɗewa yake nema, ita rabawa, amma tambayar guda ce: mutum ɗaya mai akawun da yawa, ta wace hanya zai riƙa shiga wannan ya fita wancan ba tare da ya yi ɓaranɓarama ba?

Yawancin masu zuwa wurina sauri suke aunawa, wato wace hanya ce za su taɓa sau ɗaya su ga kansu a ɗaya akawun ɗin. Ni kuwa da wani mudun nake awo. Ina tambayar mutum abu biyu: ranar da hannunka ya kuskure ka tura abu ta akawun ɗin da ba shi ba, me za ka rasa? Ranar da wayar ta salwanta a keke, me zai tafi da ita? Sauƙin sauyawa da sauƙin kuskure tare suke tafiya. Idan abin da za a rasa dariyar abokai ce kawai, a ɗauki hanya mafi sauri. Idan kuɗi ne, ko aiki, ko mutunci, sai a gina katanga, ko da za ta sa a riƙa zagaye.

Kafin kwatance, ga yadda abin yake aiki. Duk lokacin da ka rubuta kalmar sirri ka shiga, kamfanin yana bai wa wayarka ko burauzarka, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin Chrome, wata 'yar shaida ta ajiye, kamar lambar da mai gadin babura yake ba ka a bakin kasuwa. Gobe ba za a sake tambayarka kalmar sirri ba, lambar kawai ake dubawa. To, hanyoyin sauya akawun duka sun bambanta ne a kan inda ake ajiye waɗannan lambobin. Wata hanyar tana zuba su duka a aljihu ɗaya, wata tana ba kowacce aljihunta, wata kuma riga daban take ba ka gaba ɗaya.

Hanya ta farko ita ce wadda manhajar kanta ta tanada. A Gmail, ka taɓa hotonka da ke sama ta dama, ka ƙara wani akawun, daga nan jan hoton sama ko ƙasa da yatsa ya isa ya kai ka ɗayan. Instagram ta kawo wannan tsarin a watan Fabrairun 2016, tana karɓar akawun har biyar, kuma danna hotonka na ƙasa sau biyu a jere yana juya ka zuwa na gaba. Telegram na karɓar uku kyauta. Facebook ta ɗan bambanta, domin ƙa'idarsu mutum ɗaya akawun ɗaya, amma tun watan Satumbar 2023 suka ba da damar buɗe ƙarin furofayil har huɗu a ƙarƙashin akawun guda. Abin lura a nan shi ne tushensu ɗaya: idan furofayil ɗaya ya taka doka, hukuncin na iya shafar gidan baki ɗaya. Wanda ya buɗe furofayil na biyu don ya riƙa zagin 'yan siyasa da sunan aro, yana zaton shafinsa na kasuwanci na nan lafiya, bai fahimci tsarin ba.

Wannan hanyar ba ta cin kuɗi, ba ta cin wurin ajiya, kuma kamfanin da ya yi manhajar ne ya yi ta, don haka babu fargabar a rufe maka akawun saboda ita. Matsalarta kamanni. Fuska ɗaya, kala ɗaya, madannai a wuri ɗaya, bambancin kawai ɗan hoto ne da bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba. Na ga mai ɗinki da ta ɗora hoton sunan ɗanta a shafin shago, wannan bai zama komai ba, sai ma barka da ta sha. Na kuma ga ma'aikacin da ya tura takardar neman wani aikin ta imel ɗin ofishin da yake ciki. Kuskure iri ɗaya ne, amma ba farashinsu ɗaya ba. Ƙaramar dabara da nake ba kowa ita ce kada ya sa hoto iri ɗaya a akawun biyu. Na aiki ka sa fuskarka, na kasuwa ka sa tambarin shago ko wata kala mai ɗaukar ido, ja ko ruwan ɗorawa, wadda ko da gefen ido ka gan ta za ka gane inda kake.

Google na buƙatar dogon bayani, domin a nan mutane suka fi faɗawa rami, kuma a nan ɗalibar nan ta faɗa. A burauza, akawun ɗin da ka fara shiga da shi shi ne babba, sauran 'yan rakiya ne. Idan ka duba adireshin da ke saman shafin Gmail za ka ga u/0 a na farkon, u/1 a na biyu, haka nan har ƙarshe. Idan aka turo maka mahaɗin fom, ko na taron Google Meet, ko wata takarda a Drive, ka danna, sau da yawa da babban nan zai buɗe, ko da kuwa minti ɗaya da ya wuce kana karanta saƙo a na biyu. Daga nan ake samun "ba ka da izinin ganin wannan takarda" alhali an ba ka izini, sai dai an ba ɗaya sunan naka ne. Babu wani madanni da ake latsawa a sauya babban. Sai ka fita daga dukansu, ka fara shiga da wanda kake so ya zama babba, sannan ka ƙara sauran.

Akwai ɗan'uwan wannan ramin: madannin "shiga da Google" da ke shafuka da manhajoji da yawa. Ka yi rajista bara da imel ɗin farko, bana ka zo ka zaɓi na biyu a jerin, shafin ba zai ce maka ka yi kuskure ba, sabon akawun fanko zai buɗe maka. Sai mutum ya shigo shago hankali a tashe yana cewa an goge masa komai. Ba a goge ba, ƙofar maƙwabci ya shiga.

A wayar Android kuma abin ya fi zurfi, domin akawun ɗin Google ba na Gmail kaɗai ba ne, na wayar ne gaba ɗaya. Da ka ƙara shi, lambobin mutanen da ke cikinsa sun zubo cikin wayarka, kuma sabuwar lambar da ka ajiye na iya tafiya can ba ka sani ba. Ba a iya fita daga akawun ɗaya a manhajar Gmail sai an cire shi daga wayar ɗungurungum. Wannan ya sa nake hana mutane karɓar wayar aboki su "ɗan duba imel" ta manhaja. Ka duba ka tafi, akawun ɗinka ya zauna a wayarsa, da hotunanka da lambobin 'yan gidanku. Idan kuma imel ɗin aiki ne wanda ma'aikata ke kula da shi, mai kula da tsarin na iya gindaya wa wayarka sharuɗɗa, har da goge bayanan aikin daga nesa ranar da ka bar wurin. Wani amfani da ba a musu: kowane akawun na Google yana zuwa da ma'ajiyar gigabayit 15 kyauta, wadda Gmail da Drive da Photos suke rabawa, shi ya sa wasu ke buɗe uku ko huɗu don hotuna. Su tuna cewa tun Disambar 2023 Google ta fara aiki da ƙa'idar goge akawun ɗin da ya shekara biyu ba a leƙa shi ba. Hotunan bikin da aka jibge a imel ɗin da aka manta kalmar sirrinsa ba ajiya ba ne.

Sai WhatsApp, wanda a gaskiya shi ne dalilin zuwan yawancin mutane. Nan zaɓi uku ne na halas. Tun watan Oktoban 2023 manhajar na karɓar akawun biyu a wayar Android guda, kowanne da lambarsa, da hotonsa, da saitinsa. Ana shiga ɗaya a lokaci guda, idan saƙo ya shigo ɗayan za a sanar da kai, sai ka sauya ka karanta. Na biyu shi ne WhatsApp Business, da ya fito a Janairun 2018, manhaja ce daban da ke zama kusa da ta yau da kullum a waya ɗaya, muddin lambobin sun bambanta. Lamba ɗaya ba ta zama a duka biyun. Na uku shi ne haɗa wata na'urar da akawun ɗinka, har guda huɗu, kuma tun Afrilun 2023 wata wayar ma na iya zama ɗaya daga cikinsu.

Ga ɗan kasuwa, ban ga abin da ya kai WhatsApp Business ba, kuma ba don jerin kaya da farashi ko saƙon maraba da yake turawa da kansa ba, ko da yake suna da amfani. Dalilina shi ne ƙofa biyu ce daban a fuskar waya, sai ka fita daga wannan ka shiga waccan, kuma wannan 'yar wahalar ce take hana ka ɗora farashin buhu a zauren dangi ko hoton matarka a gaban abokan ciniki na Onitsha. Tsarin akawun biyu a manhaja ɗaya ya fi dacewa da wanda lambarsa ta biyu ba ta cika motsi ba, kamar ta ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko ta kwamitin masallaci. Haɗa na'ura kuwa maganin wata cutar ce daban. Alhaji yana da yaron shago da yake son ya riƙa amsa wa masu saye, maimakon ya miƙa masa sim ɗin, sai ya haɗa wayar yaron, ranar da suka rabu ya cire shi daga wayarsa cikin daƙiƙa kaɗan. Yaron zai ga duk hirar da ke lambar, don haka a yi wannan da lambar shago kawai. Idan babbar wayar ta kwana 14 ba a yi amfani da ita ba, na'urorin da aka haɗa suna fita da kansu. Haka shafin Facebook na kasuwanci: ana ba mutum izinin kula da shafi ta akawun ɗinsa, ba a ba shi kalmar sirrin mai gida.

Hanya ta gaba ita ce tagwaita manhaja, a sami WhatsApp biyu ko Facebook biyu a fuskar waya. Wayoyin da suka cika kasuwar Terminus da titin Ahmadu Bello yawanci da abin suke zuwa daga kamfani. Tecno na kiransa App Twin, Infinix na cewa XClone, Samsung na da Dual Messenger, Xiaomi da Redmi kuma Dual Apps. Wanda ya zo da wayar ba ni da ja a kansa, yana aiki, kuma yana ba da ƙofa biyun da na yaba a sama. Kuɗinsa a batir da ƙwaƙwalwar waya ake biya, domin manhaja biyu ne ke aiki a lokaci guda. Ƙaramar waya mai ƙwaƙwalwar gigabayit 2 za ta fara nauyi, ta riƙa ɗumi, saƙon tagwayen ya riƙa makara. Hotunan da aka turo ta kwafin kuma wani lokaci suna shiga wata ma'ajiya daban, a yi ta nema. Tun da WhatsApp ya kawo nasa tsarin, buƙatar wannan ta ragu sosai, sai ga mai lamba uku.

Wanda nake ja da shi shi ne na waje, manhajojin tagwaitawa da ake saukewa, da kuma su GB WhatsApp da ake tura wa juna ta Xender. Manhajar tagwaitawa ta waje tana gudanar da akawun ɗinka ne a cikin cikinta, wato duk abin da ya shiga ya fita ta hannunta yake bi, kai kuma ba ka san wanda ya rubuta ta ba. GB kuwa ba na kamfanin WhatsApp ba ne, kuma kamfanin ya faɗa ƙarara cewa amfani da irinsu na iya jawo a dakatar da lamba, na ɗan lokaci ko na dindindin. Matasa na son sa saboda karanta saƙon da aka goge da ɓoye cewa suna kan layi. Garin neman gira a rasa ido: lambar da abokan ciniki suka sani shekara biyar ta tafi saboda son ganin abin da budurwa ta goge. Manhajar banki ko ta kuɗi kuwa kada a kusanta ta da kowane irin tagwaitawa.

Akwai wata katangar da ta fi tagwaitawa ƙarfi a cikin waya ɗaya, mutane ba su cika sanin ta ba. Samsung na da Secure Folder, Xiaomi na da Second Space, Android 15 da ya fito a 2024 ya zo da Private Space. Ɗaki ne a cikin waya mai makullinsa daban, da manhajojinsa, da akawun ɗin Google nasa. Ga matar da yara ke karɓar wayarta su yi wasa, ko magidancin da wayarsa ke yawo a hannun 'yan majalisa ana kallon ƙwallo, wannan ya fi komai dacewa. Sai dai a Private Space idan ɗakin na kulle saƙonnin ciki ba sa sanar da kai, don haka ba wurin ajiye abin gaggawa ba ne.

A kwamfuta kuwa gardamar gajeriya ce, furofayil na Chrome ya yi wa sauran nisa. Edge ma na da irinsa, Firefox kuma na da nasa tsarin na raba shafuka gida-gida. Kowane furofayil da tagarsa, da kalarsa, da kalmomin sirrinsa, da tarihin shafukansa, kuma kowanne da babban akawun ɗinsa, wato matsalar u/0 da u/1 ta mutu. Taga shuɗiya ta ofis, koriya ta gida. Ma'aikacin da ke da imel na aiki da nasa na kansa, ko mai kula da shafukan mutane uku, idan yana da laftof bai yi wannan ba yana wahalar da kansa a banza. Abu biyu ne kawai. Furofayil ba makulli ba ne, duk wanda ya zauna a gaban kwamfutar zai iya buɗe kowanne, don haka idan na'urar ta gida ce da kowa ke taɓawa, sai a buɗe wa kowa nasa mashigin a Windows da kalmar sirrinsa. Na biyu, Chrome na wayar Android ba shi da wannan tsarin. Madadinsa a waya shi ne burauza biyu, Chrome ga wannan akawun, Firefox ko Opera ga wancan. Tsohuwar dabara ce, ba ta da ado, amma ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Na'urar da ba taka ba hukuncinta daban, kuma a nan sai na faɗi laifin sana'armu. A kafe, wato shagon shiga intanet, a buɗe tagar sirri wadda Chrome ke kira Incognito, ko a shiga a matsayin baƙo, a gama a rufe tagar gaba ɗaya, lambar mai gadin nan ta tafi da ita. Duk tagogin sirrin da ka buɗe a lokaci guda aljihu ɗaya suke rabawa, idan ka rufe ɗaya ka bar ɗaya ba ka fita ba. Takardar da ka sauke tana nan a kwamfutar sai ka goge ta da hannunka. Kuma tagar sirri ba ta kare ka daga kwamfutar da aka dasa wa abin naɗar rubutu. Lokacin rajistar JAMB nake ganin abin da ya fi ɓata min rai. Yaro ya zo ba shi da imel, mai kafe ya buɗe masa cikin gaggawa, ya sa kalmar sirrin da ya ga dama, wani lokaci har da lambar wayarsa shi mai kafen, yaron ya tafi bai rubuta komai ba. Lambar wayar da aka tura NIN da ita zuwa 55019 da imel ɗin da aka yi rajista da shi suna bin ɗalibi har bayan samun gurbi. Bayan shekara ya dawo neman shiga, shagon ya tashi. Iyaye su tsaya a rubuta musu imel da kalmar sirri a takarda kafin a bar wurin.

Saura waya ta biyu, wadda dillalin nan ya gaji da ita. Ita ce mafi tsada, ga caji biyu a garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama, ga nauyin aljihu. Amma ita kaɗai ce ke amsa tambayata ta biyu, wato me zai tafi da wayar ranar da ta salwanta. Yawancin hanyoyin da na lissafa a baya suna raba akawun da akawun, ba sa raba su da ɓarawo. Idan aka fizge wayar a buɗe, ko wani ya ga lambobin buɗe ta, komai na hannunsa: imel ɗin da ake sake kalmar sirri ta cikinsa, da sim ɗin da lambar tabbatarwa ke shigowa. Sim ɗin ma ko an cire shi an sa a wata wayar yana aiki, kuma da shi ake gwada cire kuɗi ta lambobin nan masu tauraro da ake dannawa ba tare da intanet ba. Ba sai waya ta biyun ta zama babba ba. 'Yar ƙarama mai madannai da tocila, wadda caji ɗaya ke kai ta kwanaki, ta isa ta riƙe layin da ke haɗe da BVN da banki, ta kwana a gida ko a aljihun ciki. A sa wa sim ɗin lambar kullewa, a kuma adana lambar PUK da ke jikin katinsa, wadda ake buɗe shi da ita, domin kuskure uku a jere yana rufe shi.

Duk wanda ya tara akawun ya tara layuka, kuma a nan rigar take yagewa ba a lura ba. Mutum ya sayi sim don kawai ya karɓi lambar buɗe WhatsApp na biyu, ya cire ya jefa a durowa. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na karɓewa ya sayar wa wani. Ranar da sabon mai layin ya buɗe WhatsApp da lambar, kai an fitar da kai, kuma duk akawun ɗin da ke tura lambar tabbatarwa can ya shiga haɗari. Tun umarnin hukumar NCC na Disambar 2020 kan haɗa layi da NIN, layin da aka yi wa rajista da sunan wani ma matsala ne, domin ranar da ya ɓata ba kai za a ba sabonsa ba. Kowane layin da akawun ke rataye a jikinsa ya zama da sunanka, a riƙa sa masa kati ana kira da shi lokaci-lokaci. A kunna lambar sirri mai alƙaluma 6 ta WhatsApp. A Google kuma a fitar da lambobin ko-ta-kwana guda 10 da suke bayarwa, a rubuta a littafi a ajiye inda ake ajiye takardun fili.

Kalmar sirri ɗaya ga akawun biyar kuwa ta rushe duk katangar da aka gina, balle idan lambar wayar mutum ce ko shekarar haihuwarsa, wanda shi ne abin da na fi gani. Ma'ajiyar kalmomin sirri da ke cikin Chrome ko wayar ta wadatar da yawancin mutane, littafi a gida ma ya fi maimaitawa. Tun Mayun 2023 Google ta kawo shiga da yatsa ko fuska a maimakon kalmar sirri, kuma yana sauƙaƙa sauyawa ƙwarai. Sai dai duk wanda ya yi hunturun Jos ya san yadda yatsa ke bushewa ya tsage a Disamba har waya ta ƙi gane mai ita. A yi rajistar yatsa biyu ko uku, kuma kada a manta lambobin buɗe wayar don an saba da dangwale.

Ɗalibar dai ba ta sayi komai ba. Mun fitar da ita daga duka ukun a Chrome, ta fara shiga da na makaranta ya zama babba, na turaren muka mayar da shi wata burauzar da hoton kasko a matsayin alama, na ukun da ta buɗe tun tana sakandare muka kwashe hotunan ciki muka cire shi daga wayar. Dillalin kuwa rabin buƙatarsa na biya. Lambar kasuwa ta koma WhatsApp Business a sabuwar wayar, kusa da ta gida, muka haɗa wayar ɗansa da ke zama a rumfa da ta kasuwar. Da muka zo kan layin da alat ɗin kuɗin dankali ke shigowa, na ce masa, "Alhaji, wannan kam ba zan sa maka shi a nan ba." Ya ce ai shi ya sa ya zo, don ya huta da waya biyu. Na tambaye shi nawa ke shiga ta layin a ranar da motoci suka yi lodi. Ya yi shiru, ya juya mai tsagaggiyar fuskar a hannunsa, sannan ya tambayi inda ake sayar da ƙananan nan masu tocila. Na kwatanta masa wani layi a Terminus, ya ce zai biya bayan la'asar.